Takobin Baba da Tsatsar da Na Kankare

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Baba a gidanmu na Bogo ya san takobin nan. Yana rataye a bango sama da gado, da jar hamilarsa da ta koɗe, da kuben fata da shekaru suka mayar baƙi. Sau biyu a shekara ake sauko da shi, Ƙaramar Salla da Babbar Salla, in Baba zai hau doki ya bi Lamiɗo zuwa idi. Sauran kwanakin shekara yana nan a wurinsa, ba mai taɓa shi sai in Baba ya yi tafiya, mu kuma yara mun faki idon Inna.

Mu Hausawa ne a tsakiyar Fulani. Kakan Baba bafatake ne daga ƙasar Kano, ya zo da jakuna da baƙaƙen rawuna da tufafin rini, ya ga kasuwa ta karɓe shi, ya yi aure ya zauna. A waje Fillanci muke yi, takobi ya koma kafahi, in mun shigo gida mu dawo Hausa. Labarin da muka tashi da shi shi ne, wai da wannan takobin kakan Baba ya tsaya a yaƙin Marwa, a watan Janairun 1902, lokacin da Jamusawa suka ci rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola da ta Lamiɗon Marwa. Goggo, ƙanwar Baba, in ta fara ba da labarin sai ka rantse tana wurin. Takan nuna wani ɗan giɓi a kaifin takobin ta ce nan ne ya haɗu da bakin bindigar Nasara. Ni da Yaya mukan sunkuyar da kai, don mun san asalin giɓin. Mu muka yi shi, muna yara, a jikin darbejiyar da ke bayan gida, mun sara muka sami ƙusa.

Amma ba wannan ne babban laifina a kan takobin ba.

A 1999 ina da shekara 21, na fara juya ɗan kuɗi, ina kai kayan gyaran babur daga Marwa zuwa Bogo ranar Alhamis, ranar da kasuwar shanu ke ci, gari ya cika da dillalai da makiyaya har daga Cadi. Aljihu ya ɗan yi nauyi, kai kuma ya ɗan kumbura. Tun ina ƙarami ni ke goge takobin in Salla ta matso, da toka da tsumma, yadda Baba ya koya mini. Shekarar nan sai na ga goge-gogen toka ya yi mini ƙauyanci. Na ga takubban wasu samari a hawan da ya wuce suna walƙiya kamar madubi, namu kuwa ya yi duhu, da tabo-tabo kamar fatar tsoho. Ana saura kwana uku Salla na naɗe shi a buhu, na ɗaura a babur, na kai wa wani mai walda a Marwa. Na ce ya sa shi a injin washi ya fito mini da shi fes.

Ina tsaye ina kallo, wuta na tartsatsi, ina jin daɗi. Ya gama gefe ɗaya, ya juya zai kama ɗayan, sai aka ɗauke wutar lantarki. Muka jira har la'asar ba ta dawo ba. Na karɓi abina ina tsaki, ina ganin an yi mini rabin aiki.

Da safen Salla Baba ya zare takobin. Ya dubi gefen da ya yi fari tas, ya juya ya dubi wanda ya rage da duhunsa. Ya sa babban yatsa yana shafa wurin da wasu 'yan alamu biyu suke a da, kusa da inda kwarmin ruwan takobin ya ƙare. A gefen da aka wasa sun tafi, sai ɗan gurbi kamar inuwa. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya mayar da shi kube, ya ce, "Sannu da aiki." Bai ƙara ko kalma ba. Daga shekarar nan bai sake ba ni takobin in goge ba, shi yake yi da kansa da dare. Ni kuwa a lokacin na ɗauka tsufa ne da rashin son sabon abu.

Shekara 17 na yi kafin in gane abin da na aikata, kuma ba a Kamaru na gane ba.

Kasuwa ta kai ni Garwa na zauna, na bar kayan babur na koma na mota, ina sauka Duwala ina ɗauko kaya. A 2016 wani abokin hulɗata, mutumin Fumban da ya daɗe a Japan har yana jin yarensu, ya ce in zo da kaina mu loda kwantenar tsofaffin injina, in daina sayen abin da ban gani ba. Na je. Wurin aikinsa yana jihar Saitama, arewa da Tokiyo. Wata rana aiki ya tsaya muna jiran takardu, sai ya ce in zo ya kai ni Kawagoe, akwai kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a harabar wani ɗakin ibadarsu ranar 28 ga kowane wata. Kun san ɗan kasuwa, ko ba zai sayi komai ba, in ya ji kasuwa na ci sai ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi.

A can na tsaya gaban wani tsoho da ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jera wasu faya-fayan ƙarfe a kai. Kowanne bai wuce tafin hannu ba, faɗinsa kamar santimita 7 ko 8, da rami mai siffar tsinin wuƙa a tsakiya. Wasu an huda su an fitar da surar ganye ko tsuntsu, wasu an dasa musu ɗan zinariya ko jan ƙarfe. Na tambayi abokina, ya ce sunansu tsuba. Kalmar ta zauna mini a baki kamar ta Hausa. Ya ce shi ne ƙarfen da ake sa wa takobin Japanawa tsakanin ruwa da mariƙi, don ya kare hannu, kada kuma hannu ya zame ya hau kaifi. Wato makarin hannu. A takobinmu sanda ce a gicciye, an lulluɓe ta da fata ko tagulla. A nasu faifai ne, kuma ana iya zare shi a sa wani.

Na ɗauki ɗaya. Baƙi ne, amma ba baƙin gawayi ba, ya fi kama da bayan tsohuwar tukunyar ƙarfe da ta sha hannu. Halin mai sayen kayan mota ya motsa, na zaro makulli daga aljihu zan ɗan kankara gefe in ga lafiyar ƙarfen da ke ciki. Wallahi ban san tsohon nan yana da sauri haka ba. Kafin makulli ya taɓa ƙarfe ya riƙe mini wuyan hannu. Bai yi faɗa ba, ya dai yi magana a hankali, abokina yana fassarawa. Ya ce baƙin nan da nake shirin kankarewa shi ake saye. Ya ce abin ya fi shekara 200, kuma duk tsawon shekarun nan ne suka yi masa wannan launi. In na kankare, ƙarfen da zai fito bai fi na murfin gwangwani daraja ba.

Ban san lokacin da injin mai waldar Marwa ya faɗo mini a rai ba. Ina tsaye cikin sanyin Japan, gumi ya keto mini.

Na zauna gefen tsohon fiye da awa ɗaya, abokina har ya gaji da fassara. A wurinsa na fara jin cewa tsatsa iri biyu ce. Akwai ja, mai gari-gari, wadda take da rai, tana cin ƙarfe tana yin rami. Akwai kuma baƙa, wadda ta kwanta ta zama fata, ita ce ma ke kare ƙarfen. Ja ake yaƙa, baƙa a bar ta. Ya nuna mini abin aikinsa: ɗan guntun ƙahon barewa da aka fiƙe, da tsumman auduga. Ƙaho ko ƙashi ya fi jar tsatsa ƙarfi amma bai kai ƙarfe ba, don haka yana ɗauke ta ba tare da ya yi wa baƙar rauni ba. Sai a bi da tsumma, yau kaɗan gobe kaɗan, wata da watanni. Ba samfefa, ba burushin waya, ba ruwan batir, ba man goge tagulla. Waɗanda aka yi da ƙarfe mai taushi kuwa, kamar wanda suke kira shakudo, jan ƙarfe da aka gauraya da ɗan zinariya har ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, su ko tsumman ma ba a matsa musu. Ya ce hatta a takobin kansa, wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin mariƙi ba a taɓa goge ta, domin da launin tsatsarta masana ke gane shekarun takobi.

Na sayi wanda na so in kankara, yen 8,000, rabi don sha'awa rabi don kunya. Ya sa mini shi a ɗan akwatin katako mara nauyi, na icen da suke kira kiri, wanda ba ya barin laima ta yi wa abin da ke ciki yawa.

Daga nan abin ya shiga raina. Na riƙa tambaya, ina sa yarona ya nemo mini bayani a intanet yana karanta mini da Faransanci. Na ji cewa yawancin tsuba da ake samu yau na zamanin da suke kira Edo ne, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da yaƙi ya yi sauƙi a ƙasar, takobi ya zama abin ado da nuna matsayi, maƙera suka sami sukunin yin gwaninta. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi, sai sana'ar ta faɗi, aka yi ta sayar wa Turawa kayan takubba da araha. Shi ya sa yau gidajen tarihi na Landan da Boston suke cike da su. Na ji kuma akwai wata ƙungiya a Tokiyo, NBTHK, da aka kafa a 1948, wadda ake kai wa takobi ko tsuba ta duba ta ba da takardar shaida. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu da muke da takubba a kowace fada daga Sakkwato har Ray Buba, in kana son sanin gaskiyar naka, sai dai ka nemi tsohon maƙeri tun yana da rai.

Kada ku ɗauka na zama gwani. A tafiyata ta biyu, a 2018, na sayi wani a wata kasuwar daban, mai surar dodo, har da sa hannun maƙeri, da arahar da ta kamata ta sa ni shakka. Da na nuna wa wani mai shagon da ya san abin, sai ya ɗaga shi ga haske ya nuna mini wani siririn layi da ya zagaye cikin ramukan, inda bakin mazubi biyu suka haɗu, da 'yan ƙananan ƙuraje a fuskar ƙarfen. Na zubi ne, sabo, an shafa masa magani ya yi kamar tsoho. Sa hannun ma tare da shi aka zubo, shi ya sa bakin rubutun ya yi dakushi, ba kamar wanda aka sara da kurfi ba. Na ƙwarai kuwa sau da yawa za ka ga alamar duka a bakin ramin tsakiya, ko 'yan guntayen jan ƙarfe da aka cusa don ya kama takobi daram, alamar an taɓa ɗaura shi an yi amfani da shi. Har yau jabun yana nan a shagona na Garwa, ina danne rasit da shi. Yanzu tsuba uku gare ni na ƙwarai, da wannan na huɗu mai tuna mini cewa dillali ma ana yi masa dillanci.

Abin da Japan ta yi mini shi ne ta mayar da ni ɗakin Baba. Da na je Bogo na roƙe shi ya bar ni in kai takobin wurin wani tsohon maƙeri a Marwa, wanda ubansa ma takubban fada yake gyarawa. Baba ya dube ni, ya ce, "Wannan karon ma inji za a sa masa?" Shekara 17 bai ta da maganar ba sai ran nan. Na ce, "A'a Baba, tambaya kawai zan yi." Ya ce in ɗauka.

Tsohon maƙerin ya karɓa da hannu biyu. Ya fara duba gefen da aka wasa, ya yi salati, ya ce, "Wane mara tausayi ne ya yi wannan?" Na ce wani yaro ne. Ya ce Allah ya shirye shi, na ce amin. Sannan ya juya gefen da ɗaukewar wuta ta cece shi. Ya nuna mini kwarmi uku da suka bi tsakiyar ruwan, a miƙe, zurfinsu ɗaya. Ya nuna mini alamun nan biyu, ashe jinjirin wata ne guda biyu masu fuskar mutum, sun juya wa juna baya. Ya dafa tsinin a ƙasa ya ɗan lanƙwasa ruwan, ya sake shi, ya koma ya miƙe sak. Ya ƙyasta shi da farce ya kai kunne. Ya ce ruwan na waje ne, irin wanda fatake ke kawowa ta hamada, kuma ya girmi kakan Baba. Amma ya gargaɗe ni kada in dogara da alamar wata kaɗai, domin maƙeranmu ma sun daɗe suna buga ta a ruwan da suka ƙera, don mai saye yana nemanta. Abin dubawa shi ne ƙarfen kansa: yadda kaurinsa ke raguwa a hankali daga gindi zuwa tsini, yadda yake dawowa in an lanƙwasa, da yadda bakinsa ya zama da'ira saboda washin shekaru. Na yanzu da ake yi da sifirin mota ko farantin ƙarfe, kaurinsu ɗaya ne daga sama har ƙasa, kwarminsu kuma a karkace.

Mariƙin da makarin hannun kuwa, ya ce ba su kai ruwan tsufa ba ko kusa. Fata ba ta shekara ɗari a hannun mai hawa. Kowane zamani sai an sake wa takobi riga, wani lokaci kowane magaji da tasa. Daga irin ɗinkin ya ce aikin dukawan Marwa ne, mai yiwuwa a zamanin mahaifin Baba. Na tambaye shi maganar yaƙin 1902. Ya yi dariya ya ce ƙarfe yana faɗin shekarunsa, amma ba ya faɗin inda ya je. Da ya kai ga giɓin Goggo sai ya ce, "Wannan kuwa ƙusa ce." Ban ce komai ba.

Daga baya yarona ya samo mini abin da ya ƙarfafa maganar tsohon. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, a shekarar kuma ya zo har Yola. Ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takobi Kano kamar 50,000 a shekara, kowanne a kan wuri 1,000, kusan dukkansu daga garin Solingen na Jamus. A Kano ake yi musu mariƙi da kube, daga nan Buzaye da Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari su saya. Ka ji fa. Ashe takobin da muke alfahari an yaƙi Jamusawa da shi, wataƙila a ƙasarsu aka ƙera ruwansa. Ashe kuma kakan Baba da ya ratayo shi daga Kano, kayan kwantenar zamaninsa ya ratayo, irin sana'ar da nake yi yau, sai dai tasa a bayan raƙumi ta iso.

Baba ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Ya bar Inna, da mu maza uku, da mata biyu. Bayan an yi addu'ar arba'in aka zauna rabon gado. Gida da gona da 'yan shanu duk malam ya raba ba gardama. Sai takobi. Ashe tun ana zaman makoki wani mai sayen tsofaffin kaya, irin masu bin garuruwa suna kai wa Turawa, ya sami Yaya. An kwatanta masa takobin, an tura masa hoton gefe ɗaya a waya, ya ce zai biya sefa 400,000. Yaya yana da 'ya'ya tara da bashin taki. Autarmu mijinta ba shi da lafiya, kuɗin asibiti ya cinye su. Ba wanda zai ce sun yi laifi da suka so a sayar. Takobi ba ya rabuwa gida takwas, kuma ba a cin sa.

Mutumin ya zo ranar wata Alhamis. Ya zare takobin a zaure, ya ga gefen wata biyu, ya gyaɗa kai. Da ya juya ya ga farin gefen sai fuskarsa ta canza. Ya ce an kashe shi. Ya ce masu saye a Turai ba sa son wanda inji ya taɓa, 150,000 zai iya bayarwa, shi ma don ya riga ya zo. Yaya ya fusata, ya ce wayon 'yan kasuwa ne. Goggo ta ce ai Baba ne ya sa aka gyara shi don Salla, gyara kuma ya zama laifi?

Ina zaune ina jin su. Ni kaɗai na san mutumin, ko da ya yi wayo a farashi, bai yi ƙarya a kan dalili ba. Ni kaɗai kuma na san ba Baba ne ya sa aka yi ba. Da na yi shiru, da maganar ta bi Baba kabari, a ce shi ya ɓata abinsa. Na ce wa baƙon ya ba mu wuri. Da ya fita na ce, "Yaya, Goggo, ku gafarce ni. Ba Baba ba ne, ni ne." Na ba su labarin 1999 tun daga buhu har ɗaukewar wuta. Na ce garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ne ni kaɗai ba, na dukkanmu ne. 250,000 ɗin da suka zube, ni na zubar da su.

Zauren ya yi tsit. Inna ce ta fara magana daga bakin ƙofa, ta ce, "Ai ya gaya mini tun a daren. Ya ce kada in yi maka faɗa, wai za ka gane da kanka." Wannan maganar ta fi mini zafi a kan duk faɗan da ban sha ba.

Na ce to, ga abin da nake roƙo. A yi wa takobin kuɗi a kan farashin farko, 400,000, kamar ban taɓa ɓata shi ba, ni in saya. Malam ya yi lissafi: tumunin Inna 50,000, saura 350,000 a raba takwas, kowace mace 43,750, kowane namiji 87,500. Aka cire rabona, ya zama zan biya 312,500. Ba ni da su a hannu a lokacin, kwantena tana kan ruwa. Na biya autarmu da Inna nan take, sauran na cika cikin wata biyar. Yaya ya ce shi dai a bar masa sharaɗi ɗaya, duk Salla in ɗansa na fari zai hau, a ba shi aro. Na ce ba aro ba ne, takobin yana nan a ɗakin Baba, ni dai mai kula da shi ne. Ban kai shi Garwa ba. Kun san yadda hanyoyin Arewa Mai Nisa suka koma tun 2014, ba wanda ke son jandarma ya buɗe but ya ga takobi. Ga kuma dokar kayan tarihi ta 2013, wadda ta sa fitar da irin waɗannan kaya daga Kamaru ba abin da ake yi da ka ba ne. Masu sha'awar tafiya da na gidansu ƙasashen da suke zaune, su yi tambaya tukuna.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan mujalla kuna da irin wannan a gida, ko takobi, ko wuƙar hannu, ko mashi, ko likkafar kaka, ku kuna Duwala ko Libarbil ko Jidda ko Gwanju, kayan suna can ɗakin tsohuwa. Ga ɗan abin da na koya da tsada. Kada a kai wa mai inji, kada a sa samfefa, kada a jiƙa da tsamiya ko lemon tsami. In jar tsatsa ta fito, a ɗiga mata man keken ɗinki, a bar ta ta kwana, a bi ta da guntun ƙashi ko ƙaho, a share da tsumman auduga. Ƙashi kuwa ba ya wuya a garin da ke da kasuwar shanu. Man a shafa shi siriri, kada ya taɓa fata. Kada a kama ruwan da hannu, gumi gishiri ne, in an kama a goge. Da damina a riƙa zare shi daga kube ana dubawa, don fata tana riƙe laima, kuma kada a rataye shi a bangon da ke tsattsafo ko inda gara ke bi. Da hunturu fatar kube takan bushe ta tsage, a nisanta ta da rana, kada a lanƙwasa ta. Kada a yanka ragon layya da shi don neman albarka, jini yana cin ƙarfe. In fatar mariƙi ta mutu har sai an sake, a adana tsohuwar, kada a yar. Sannan a ɗauki hoton kowane gefe, a zauna da tsofaffin gida a rubuta abin da suka sani, a bambanta abin da aka gani da abin da aka ji.

Ni na yi hakan. Na sayi ɗan littafi na rubuta duk abin da maƙerin Marwa ya faɗa, da abin da Barth ya rubuta, da labarin Goggo na 1902, na sa a gefensa cewa haka muka ji daga bakinta. Na rubuta maganar darbejiya da ƙusa, bayan na nemi izinin Yaya, ya yi dariya har da hawaye. Na rubuta 1999 da sunana, don kada wani jika ya zo ya ɗora wa Baba. Goggo dai har yau ba ta yarda da maganar ƙusa ba, ta ce mu yara ne ba mu san komai ba, mun kuwa bar ta a kan haka.

Gefen da na wasa ya fara dusashewa yanzu, ya bar farin madubi ya koma toka-toka. Maƙerin ya ce in an bar shi lafiya zai yi duhu, amma ba a zamanina ba, watannin biyu kuwa sun tafi ke nan. Da Sallar bana na je Bogo da ɗana na biyu, mai shekara 12. Da dare na sauko da takobin, na shimfiɗa tabarma a ɗakin Baba, na ba shi tsumma da guntun ƙashi. Ya yi ta shafawa, can ya ɗago ya ce, "Baba, wannan gefen ya fi kyau, me ya sa ba za a mayar da ɗayan ma haka ba?" Na ce ya ajiye tsumman tukuna, ya gyara zama, akwai labarin da zan ba shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.